Umma ta ce kada in faɗa masa ina da farfaɗiya

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, ina koyarwa a wata firamare. Ina shekara tara na yi ciwon sanƙarau, Allah Ya tashi kafaɗata, amma bayan kamar shekara guda sai na fara faɗuwa. Likita ya ce farfaɗiya ce, ya ɗora ni a kan Tegretol safe da dare. Yau shekara uku rabona da faɗuwa. Kafin ta zo nakan ji wani wari kamar na ƙonanniyar roba, wani abu ya taso mini daga ciki zuwa ƙirji, daga nan ban ƙara sanin inda kaina yake ba. Gwaggona ta ce warin nan alamar mutanen ɓoye ce, kuma da na yi aure za su rabu da ni.

Yanzu an sa mini rana, saura wata huɗu biki, kuma wanda zan aura bai sani ba. Na taɓa yin wani manemi, har ya turo magabatansa, sai wata maƙwabciyarmu ta tsegunta wa danginsa, tun daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Shi ya sa Umma ta ce ko da wasa kada in faɗa wa wannan, kuma tunda na warke in daina shan maganin kafin a kai ni, kada ya gani ya yi tambaya. Abba bai ce komai ba. Ina son sa, Anti, kuma tunani ya hana ni barci. In faɗa masa ko in bi maganar Umma? Kuma da gaske ne 'ya'yana za su gada?

Wata ƙanwarki daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sanya albarka a wannan rana da aka sa. A cikin wasiƙarki akwai abin da za a iya zama a yi ta shawara a kansa, akwai kuma wanda ba ya jira, to da shi zan fara. Kada ki daina shan maganin nan, ko na kwana ɗaya, ko wa ya ce ki daina, in ba likitanki ba. Shekara ukun nan da kika yi lafiya lau, ta hanyar wannan maganin Allah Ya ba ki su. Maganin farfaɗiya ba a yanke shi farat ɗaya. In aka yanke tana iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da, wani lokaci ta zo a jere, wannan na saki wata na kamawa mutum bai farfaɗo ba, kuma irin wannan tana kisa. Gaskiya ne likitoci kan duba yiwuwar janye magani ga wanda ya yi shekara biyu ko fiye bai faɗi ba, amma a hankali suke ragewa, cikin watanni, suna sa ido. Ga wadda tata ta biyo bayan ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kamar taki, sun ma fi taka-tsantsan. Ko da likitan zai yarda a gwada wata rana, ba a gwajin nan ana tsakiyar hidimar biki.

Ina so ki san abin da ke faruwa a jikinki dalla-dalla, domin duk wanda za ki tunkara da maganar nan, Umma ce ko maneminki, zai fi natsuwa in ya ga ke kanki kin san abin da kike faɗa.

Duk motsin da kike yi, da abin da kike gani, da ji, da shinshinawa, da tunawa, har bugun zuciya da numfashin da ba ke kike ba su umarni ba, hanya guda ce ke tafiyar da su: ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, laka da ta sauko daga gare ta ta cikin ƙashin baya, sai jijiyoyin saƙo da suka fita bibbiyu, dama da hagu, sahu 12 daga ƙwaƙwalwa, sahu 31 daga laka, suka bazu har kan yatsun ƙafa. A cikin ƙwaƙwalwa kaɗai akwai ƙwayoyin halitta masu kai saƙo kusan biliyan 86. Kowace tana aika saƙonta ne da wata 'yar ƙaramar wutar lantarki da jiki ke samarwa da kansa, in saƙon ya kai bakinta sai ta saki wani sinadari ya tsallaka zuwa ta gaba. Wasu sinadaran zuga suke yi, wasu kuma kwantarwa, kuma lafiyar mutum tana ga daidaiton su biyun. Ki ɗauka Kasuwar Kurmi ce da rana tsaka, wannan na tayi, wancan na cewa albarka, hayaniya ce amma kowa ya san da wa yake magana. Sai wani ya kwarma ihu daga lungu guda, kasuwa ta ruɗe, kowa ya saki abin da yake yi aka ɗunguma wuri ɗaya. Bayan 'yan mintoci ƙura ta lafa, kowa ya koma rumfarsa a gajiye. Haka farfaɗiya take: wasu ƙwayoyin su fara harba saƙo gaba ɗaya fiye da ƙima, in abin ya bazu ya game ƙwaƙwalwa sai mutum ya faɗi, jiki ya sandare, ya yi ta fizga, sannan ya farfaɗo da ciwon kai da gajiya da son barci. Aikin Tegretol shi ne ya hana ƙwayoyin nan yawan harbawa a jere, kuma ba ya iya aikin sai yana nan a cikin jini koyaushe. Dalilin safe da dare ke nan.

Sanƙarau kuwa kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, kuma ƙasarmu tana cikin yankin da ya fi addaba, daga Senegal har Habasha, musamman lokacin zafi. Wanda ya tashi daga shi wani lokaci yakan bar masa tabo. Wani ya rasa ji, wani kuma tabon ya zama wurin da ihun nan ke tashi. Haka ma zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da wahalar haihuwa, da buguwa a ka wajen hatsarin babur, duk suna iya barin irin wannan.

Warin da kike ji ma yana da bayani. Kowane sashe na ƙwaƙwalwa da aikinsa: na ƙeya yana kula da gani, wani sashe ta gaba yana motsa gaɓoɓi, na gefe kuma, daura da kunne, a cikinsa ake sarrafa wari da tsoro da tunawa. In ruɗanin ya fara daga na ƙeya mutum kan ga walƙiya ko launuka. In daga mai motsi ne, hannu ɗaya ko gefen baki ya fara rawa. In daga na gefen ne, sai a ji warin abin da babu shi a ɗakin, ko wani abu ya taso daga ciki, ko faɗuwar gaba ba dalili. Abin da kika bayyana ya yi kama da wannan ƙwarai, kuma likitocin ƙwaƙwalwa suna jin irinsa daga bakin marasa lafiya a ko'ina a duniya. Warin shi ne farkon farfaɗiyar tun tana wuri guda, kuma wata rahama ce, domin yana ba ki 'yan daƙiƙoƙin da za ki matsa daga wuta, ki ajiye abin da ke hannunki, ki kwanta a ƙasa.

Ba na so ki je ki yi musu da Gwaggo. Da zuciya ɗaya ta faɗa, abin da ta tashi ta ji ke nan. Addu'a da azkar da tofi na ayoyin Alƙur'ani ki riƙe su da kyau, ba su taɓa yin faɗa da magani ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce aure zai ɗauke ciwon, domin aure ba ya goge tabo a ƙwaƙwalwa, kuma duk wanda ya ce ki ajiye maganin asibiti kafin nasa ya ci, ki gode masa ki wuce. Ki tuna matar nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito labarinta daga Ibn Abbas, wadda ta zo wa Annabi (SAW) ta ce tana farfaɗiya kuma jikinta yana buɗewa. Bai kore ta ba, bai ƙyamace ta ba, Aljanna ya yi mata bushara da ita in ta yi haƙuri, kuma da ta roƙa ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya yi mata. Ciwon da aka yi wa mai shi wannan karamci ba abin kunya ba ne a gidan kowa.

Umma kuwa, ki yi mata adalci. Ita ta yi jinyarki kina shekara tara, ita ta riƙa ɗaga ki daga ƙasa, kuma a gabanta wancan ya gudu ya bar ki da kuka. Uwar da ta ga haka, duk abin da zai hana a maimaita shi za ta kama, ko da bai dace ba. Tsoro ne ke magana a bakinta, tsoron da ƙaunarki ta haifar. Amma shawararta ba za ta kai ki inda take so ba, kuma dalilin yana cikin wasiƙarki. Maƙwabciyar da ta kai gulma wancan karon tana nan, sauran 'yan unguwa da suka san kina faɗuwa suna nan, kuma dangin miji ba sa daina bincike don an sa rana. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In labarin ya isa gare shi ta bakin wani, abu biyu zai ji lokaci guda, ciwon da kuma cewa an rufe shi, kuma na biyun ya fi wuyar yafewa. Yana da haƙƙin ya san wadda zai aura, kamar yadda ke ma da shi ne mai lalurar za ki so a faɗa miki. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan lalurorin da in aka ɓoye su kafin ɗaurin aure ɗaya ɓangaren ke samun zaɓi. Kada ki shiga gidan da za a iya fitar da ke da hujjar da ku kuka miƙa.

Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan nauyi a wurina. Mutumin nan shi zai riƙa kwana kusa da ke. Ki ɗauka Allah Ya ƙaddara ta zo miki wani dare, shi bai san komai ba. Zai farka ya ga matarsa a sandare, idanu sun kafe, kumfa a baki. Zai danne ki da ƙarfi, ya nemi cokali ya cusa tsakanin haƙoranki, ya sheƙa miki ruwa, ya ɗura miki wani abu ki shaƙe, ya fita da gudu yana buga ƙofar maƙwabta, kafin asuba layin gaba ɗaya sun shigo sun gan ki a halin da ba kya so a gan ki. Yanzu ki ɗauka ya sani. Zai janye duk abin da zai ji miki ciwo, ya sa matashi ko ninkakken zane ƙarƙashin kanki, ya dubi agogo, ba zai danne ki ba, ba zai sa komai a bakinki ba domin mutum ba ya haɗiye harshensa, da fizgar ta lafa ya juya ki ta gefe yawu ya zubo, ya rufa miki mayafi, ya zauna har ki dawo hayyacinki. Ya san mafi yawanta minti ɗaya zuwa biyu ne, ya kuma san in ta wuce minti biyar, ko ta sake zuwa ba ki farfaɗo ba, ko kin ji ciwo, ko kina da ciki, asibiti za a nufa ba jira. Mijin da ya sani shi ne suturarki a lokacin da ba za ki iya suturta kanki ba. Wanda aka ɓoye wa kuwa, da hannunsa zai cutar da ke yana ganin taimako yake yi.

Don haka ki faɗa masa, kuma kada ki bari lefe ya shigo ko a buga kati. Amma kada ki tsallake iyayenki. Shirun Abba ba lallai yarda ba ne, wani uban yana jira ne a kawo masa maganar. Ki same shi shi kaɗai, bayan isha'i ko duk lokacin da ya fi sakewa, ki ce, "Abba, ina tsoron in shiga gidan mutum da ɓoyo, kuma ina tsoron daina magani. Ina neman izininka in sanar da shi." In ba za ki iya fuskantarsa ba, ki nemi wanda Umma ke jin nauyinsa, yayarta ko kawunki ko malamin gidanku. Ita kuma Umma ki roƙe ta ta raka ki asibiti a ganin likita na gaba, ta yi tambayar daina maganin da bakinta, ta ji amsa da kunnenta. Abin da ba za ta karɓa daga 'yarta ba, sau da yawa za ta karɓa daga likita.

Shi kuma ki faɗa masa da bakinki, ido da ido, in ya zo zance, ba ta WhatsApp ba, ba kuma cikin kuka da ban-haƙuri kamar mai laifi ba. Ki fara da cewa amana za ki ba shi, ko auren ya yiwu ko bai yiwu ba. Sannan ki faɗa yadda take: kin yi sanƙarau kina yarinya, ya bar miki farfaɗiya, kina shan magani, shekara uku ba ki faɗi ba, kina aikinki. Zai yi tambayoyin da ya tashi yana ji. Ana ɗauka? Ba a ɗauka, ko ta yawu, ko ta kumfa, ko ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta kwanciyar aure. Hauka ce? Ba hauka ba ce, ga ki nan kina koyar da yaran mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma har bakwai cikin goma za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Ki gayyace shi ku je wurin likitanki tare. Tunda dokar Jihar Kano ta 2024 ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, dama asibitin na gabanku, sai ku haɗa tafiyar. In likitanki ba ƙwararren ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ba ne, ki nemi ya tura ki Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Bayan kin faɗa, ki ba shi kwanaki ya yi tunani da istihara, kada ki matsa masa ya amsa nan take. Maganar sanar da iyayensa ku yanke tare. Ni dai ina ganin gara mahaifiyarsa ta ji daga bakinsa bayan shi ya gamsu, balle in gidansu za a kai ki.

Batun 'ya'ya, ki kwantar da hankalinki. Akwai nau'in farfaɗiya da ke bin jini, amma wadda ta biyo bayan sanƙarau tabo ce, kuma ba a gadon tabo. Ko a cikin masu farfaɗiya gaba ɗaya, mafi yawan 'ya'yansu ba sa yi, kuma fiye da tara cikin goma na mata masu ita lafiyayyun jarirai suke haifa. Abin da ke buƙatar shiri shi ne cikin kansa. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace sau da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba, kuma wasu magungunan farfaɗiya suna ƙara haɗarin ya ƙi rufewa daidai. Shi ya sa ake so ki fara shan ƙwayar bitamin da ake kira folik asid tun kafin ciki, wato tun yanzu ki tambayi likita adadin da ya dace da ke. Tegretol yana da ɗan nasa haɗarin, amma wanda aka fi gudu ga mace mai shekarun haihuwa shi ne Epilim, don haka kada wani mai kyamis ya canza miki da shi don naki ya yanke a kasuwa. In kuma kun shirya jinkirta haihuwa, ki gaya wa ma'aikaciyar tazarar haihuwa maganin da kike sha, domin Tegretol yana rage ƙarfin ƙwayar tazara da ashanar da ake sawa a dantse. Ranar da kika ga alamar ciki ma kada ki ajiye magani don tsoron jariri, faɗuwar uwa ta fi cutar da shi. Ki fara awo da wuri, ki haihu a asibiti. Duk wannan kuwa ba ya yiwuwa a ɓoye wa miji.

Ba zan yi miki alkawarin zai tsaya ba, ƙanwata, domin ban san zuciyarsa ba, kuma na san akwai mazan da suke so amma danginsu su fi ƙarfinsu. In ya janye zai yi ciwo, kuma za ki ji kamar maganar Umma ce ta tabbata. Amma fasa aure saura wata huɗu ya fi sauƙin ɗauka a kan takardar saki da goyo a baya. Kuma akwai bambanci tsakaninsa da na farkon: wancan gulma ya ji daga bakin wadda ba ta nufe ki da alheri ba, wannan kuwa zai ji daga bakin wadda yake so, da bayani, da likita a gefe. Mata da yawa masu wannan lalura suna ɗakunan mazajensu da 'ya'yansu, mazan sun sani tun farko.

Rashin barcin da kika ambata ya dame ni, domin yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, tare da tsallake magani da zazzaɓi da yawan damuwa. Wannan ma dalili ne na sauke nauyin nan da wuri. Satin biki kuwa ya tara su duka: ƙunshi har tsakar dare, kamu, baƙi cike da gida, amarya ba ci ba barci. Ki zaɓi aminiya guda wadda ta san halinki, ki ɗora mata aikin tuna miki magani da kore mutane daga ɗaki in lokacin barcinki ya yi, ki kuma sa ƙararrawa a waya. A sabon gida kada ki sa sakata in kin shiga wanka, kada ki ja ruwa a rijiya ke kaɗai, wajen girki kuma ki juya mariƙin tukunya ciki, kada ki ɗauki tafasasshen ruwa ko mai ki yi tafiya da shi. Maganin wata guda kuma ki sa shi a jakar hannunki, kada ya shiga akwati ko kayan jere, domin daren kai amarya ba wanda ya san inda aka ajiye komai.